Jinyar Gwiwa a Hayin Banki

Mun tashi daga Funtuwa ana idar da sallar asuba, mu shida a motar da maƙeranta suka yi wa lissafin mutum huɗu. Kayana sun fi ni cin wuri: ƙullin garin kunu, daddawa, kuka, kwalbar man shanu, jar kanwa, da zabbi biyu ɗaure da ƙafa, waɗanda suka yi ta bayyana ra'ayinsu a kan tafiyar har Zariya. Duk wanda ya ga kayan zai ce gidan haihuwa za ni. Kaduna na nufa, jinyar 'yata ta fari da aka yi wa aiki a gwiwa.

Ma'aikaciyar gwamnati ce, shekararta arba'in da ɗaya. Santsi ya kwashe ta a matakalar ofis ranar da aka yi ruwa, jijiyar da ke riƙe da gwiwar dama ta tsinke, likitoci suka buɗe suka gyara. Mijinta a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako yake leƙo gida, yaransu biyu kuma suna makarantar kwana. Da dangi suka duba wa ke da lokaci, sai aka tarar ni ce, tunda shekara shida ke nan da na ajiye alli.

Kada mai karatu ya jira sunanta, don bakina bai saba da shi ba. 'Yar fari ce. Ana yaye ta aka kai ta wurin yayar mahaifinta, wadda muke kira Gwaggo, a can ta girma, layi uku tsakaninmu. In ta shigo gaishe ni, nakan amsa idona a kan shinkafar da nake tsinta. Ita kuma Malama take ce mini kamar sauran mutanen gari, don na koyar da ita a aji huɗu. Ba ƙi ba ne, ba gaba ba. Haka muka tarar ana yi, kuma a zamanina har misali ake yi da ni wajen kunya.

Damina ta zauna sosai. Daga Giwa zuwa Shika masara ta kai kafaɗar mutum, dawa na biye da ita. A Kwangila masu talla suka rufe motar da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Masarar da a da ake miƙa wa baƙo don a ji daɗin hira, yanzu sai an yi cinikinta kamar ana sayen akuya. Dattijon da ke kusa da ni, falke ne na albasa, ya tambayi inda za ni, na gaya masa. Nan take ya rubuta magani da baki: man kaɗe safe da yamma, farfesun ƙafar sa, sannan babban sharaɗi, kada a bari ta motsa ƙafar ko da wasa. Matar da ke gaba ta juyo ta ƙara da labarin wata ƙanwarta da ta yi gaggawar takawa, ga ta nan har yau tana ɗingishi. Tun daga tasha mutanen motar nan suke musu a kan gwamnati, ba a samu biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba, amma a kan gwiwar 'yata har direba ya sa hannu. Ni ma na gyaɗa kai, don abin da na sani suka faɗa.

Bayan Zariya titin ya yi sumul a wasu wuraren har direba ya manta ana mutuwa, a wasu kuma aka haɗe mu hannu ɗaya da manyan motoci ya tuna. Muka wuce Jaji da Birnin Yero da Mararrabar Jos. A Rigachikun muka yi tafiyar hawainiya tsakanin tireloli da masu kwandunan tumatir, har na karance duk wa'azin da ke rubuce a bayan motar gabanmu, na kuma gyara mata kuskure biyu a zuci. Da hantsi muka sauka a Kawo. Mai keken da ya kai ni Hayin Banki, a jimla ɗaya sai ka ji Zariya da Sakkwato da Turancin kasuwa, kuma babu wanda ya taka wani.

Na same ta a falo, an fito mata da gado don kada ta sha wahalar ɗaki. Ƙafar na naɗe, ta kumbura kamar ƙaramin turmi, ga sandunan ƙarfe biyu jingine da bango.

"Sannu da hanya, Malama."

"Ya jikin?" na tambayi labulen taga.

"Da sauƙi."

Daga nan na kama aikin da na iya. Na yi zaman jego ya fi a ƙirga, na yi jinyar karaya biyu, kuma duk darasin ɗaya ne: mai ciwo ya kwanta, ya ci, ya yi shiru. Na cusa mata filo mai laushi a ƙarƙashin gwiwa. Sandunan na kai su bayan ƙofa, sai in uzuri ya kama. Zabbin suka shiga tukunya ɗaya bayan ɗaya. Kunun kanwa da safe, tuwo da miyar kuka da man shanu da rana, ni da kaina na ga fuskarta ta fara cikowa, da gefen ido.

A rana ta biyu ina kicin na ji nishi. Na leƙo na tarar ta saƙala tawul a tafin ƙafa tana jawo diddigen wajenta, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Me ke nan?"

"Motsin da suka ce a riƙa yi ne, Malama."

"Ɗinki bai kame ba ake fama shi? Ajiye."

Ta saki tawul ɗin ta ce, "To, Malama."

Akwai wata takarda a gefen gadon mai zanen wani ɗan mutum yana lanƙwasa ƙafa iri-iri. Girmanta ya yi daidai da bakin kofin kunu, ga ƙuda na damina, sai ta zama murfi.

'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba. Matan ofis da kwalayen lemo, maƙwabta da kwanonin abinci, matan Islamiyyarsu da addu'a mai tsawo. Kowace ta zo da labarin wanda ya yi gaggawa ya yi nadama, kowace kuma sai ta yaba mini kafin ta fita. Wata Hajiya da ke gidan kallonsu, mai sayar da atamfa, kullum sai ta ce, "Uwa daban ce. Ki ga yadda ko yatsa ba ta bari ta ɗaga." Ba zan ɓoye ba, yabon ya yi mini daɗi.

A kwana na goma sha biyu muka koma asibiti. Aka tura mu wurin mai gashin ƙashi, wata matashiya mai fara'a, Hausarta irin ta mutanen kudancin jihar. Ta kwance naɗin, ta ɗauko wani abin auna kusurwa, yayan wanda ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, ta ɗora a gefen gwiwar ta ce a lanƙwasa. Ƙafar ta ɗan taso ta tsaya cak. Ta ce a miƙe. Nan ma ba ta kwanta daidai ba. Fara'ar ta ragu.

"Digiri arba'in. Ya kamata a ce yanzu muna neman casa'in. Wa ya ce a sa filo a ƙarƙashin gwiwa?"

"Ni na sa," in ji 'yata. "Ya fi mini daɗi."

"Takardar da muka ba ki fa?"

"Kasala ce ta hana ni."

Shekara talatin da biyar na yi a aji. Na san muryar yaron da ya yi laifi, na kuma san muryar wanda ya ɗauki laifin wani.

Matashiyar ta yi mana bayani ba tare da faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ce ciki yana warkewa ne a yadda aka bar shi, kamar ɗanyar fata da aka shanya: in ta bushe a miƙe, a miƙe za ta zauna. Ta ba mu mako biyu. In gwiwar ba ta kai casa'in ba, likita zai sake sa ta barci ya lanƙwasa da ƙarfi, in kuma aka ƙi, ƙafar na iya sandarewa haka nan. Na ga hannun 'yata ya damƙi bakin gado. Dama mijinta ya taɓa gaya mini a waya cewa a aikin farko da ƙyar ta farfaɗo daga allurar barcin, har hankalin kowa ya tashi.

Na ce, "'Yar nan, ni ce mai filon. Nuna mini yadda ake yi."

Ta kama hannuna ta ɗora ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a idon sawu, ta nuna mini yadda ake turawa a hankali a riƙe a ƙirga goma. Sannan ta ce, "Amma Mama, ba ƙafar za ki kalla ba, fuskarta. Wannan da nake gani ba za ta ce miki ya isa ba. In ta cije leɓe, ci gaba, zafin aiki ne. In kika ga ta zabura ido ya fito, ki tsaya nan take."

Na ce to, kamar an ce in sha ruwa.

A keke muka hau gadar Kawo. Sai da muka gangara ta ce, ba ni take kallo ba, "Ni ba ɗingishin ne damuwata ba. Sallar kujerar nan ce. Ina so in sa goshina a ƙasa." 

Muna isa na ɗauko takardar daga kan kofi. Zoben kunu ya zagaye ɗan mutumin sau wajen goma. Ni da nake karanta har jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, kwana goma sha biyu takardar nan na hannuna ban duba ta ba, don na riga na yanke cewa na san jinya. Layi na uku, da manyan baƙaƙe, ya hana sa filo a ƙarƙashin gwiwa. Na karanta ta sau biyu, na samo kwali na zana jadawali irin na makaranta na manna a bango: hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Sandunan suka dawo gefen gado, filon ya koma ƙarƙashin diddige.

Zaman farko na kama ƙafar, idona a kan kalandar bango. Rabon da in riƙe wannan ƙafar tun tana iya shiga tafin hannuna. Na tura, na fara ƙirga, ina kaiwa biyar na ji numfashinta ya sauya, na saki.

"Goma suka ce, Malama."

"Na yau ya isa."

"A aji huɗu in kowa ya sha bulala biyu, ni huɗu nake sha, don kada a ce kin yi sonkai. Yau ne za ki yi mini rangwame?"

Ban taɓa jin jimla mai tsawon wannan daga bakinta zuwa kunnena ba. Sai ta ƙara da, "Ki ɗauka 'yar wani ce."

Shawarar ta yi mini, don ita ce na fi ƙwarewa a kai. Na mayar da ido kan kalanda, na tura kamar 'yar wani ce. A kan bakwai ta saki wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka amsa. Washegari gwiwar ta kumbura, muka yi asarar yini guda muna ɗora ƙanƙara. Cikin kwana goma sha huɗu, biyu sun tafi: ɗaya tausayina ya ci, ɗaya kawar da kaina.

A rana ta uku na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna daidai inda ba yadda za a yi in ga kalanda. Na kama ƙafar, na ɗaga kai. Ita ta fara sunkuyar da nata.

"Ɗago. An ce in kalla."

Ta ɗago. Mutum zai yi mamakin abin da ke cikin fuskar da ya haifa. Hancin mahaifinta ne, wannan na sani. Amma ban san in tana jin zafi girarta ta hagu kaɗai ke tashi ba, irin na mahaifiyata. Ban san furfura ta fara mata a gefen kunne ba. A ƙarshen girar kuma akwai wani tsohon tabo, siriri, fari.

"Uku. Huɗu. Wannan tabon fa?"

"Bakin rijiyar Gwaggo," ta faɗa ta cikin haƙora. "Ina shekara bakwai."

"Ba a gaya mini ba."

"An gaya miki. Kika ce Allah ya sawwaƙe, kika aiko da ƙwai."

Na tuna ƙwan. Na kuma tuna cewa a ranar da yamma na saka mayafi na tafi har bakin layin Gwaggo, na tsaya kusa da mai sayar da itace ina taya itacen da ba na bukata, ina sauraron ko zan jiyo kukanta, sannan na juya gida don kada a ce. Ban gaya mata wannan ba. Na ce, "Bakwai. Takwas." Ta cije leɓe, idon bai fito ba, muka kai goma.

Daga ranar aiki ya miƙe. Na koyi fuskar kamar yadda ake koyon sabon rubutu, har na zo ina gane inda zan tsaya kafin ita ta sani. Tana kuka, ina turawa. Wani lokacin in an gama sai ta ce, "Allah ya isa tsakanina da matakalar nan," in ce matakala ba ta da lada balle a ɗiba, ta yi dariya da hawaye a fuska.

Ranar Asabar surukina ya iso muna tsakiyar na hantsi. Ya jiyo kukan matarsa, ga shi ba ya iya faɗowa ɗakin da nake. Ya yi sallama sau uku a baranda, ya yi gyaran murya sau biyar, daga ƙarshe ya matso jikin taga.

"Mama, ko za a ɗan huta?"

"Za a huta a kan goma. Kai kuma ga naka aikin, a nemo mana ƙanƙara."

Ya tafi da saurinsa, ina jin har godiya ya yi a zuci da aka ba shi inda zai sa kansa. Hajiya mai atamfa kuwa da ta shigo ta gan mu, sai ta dafe ƙirji.

"Malama, ashe haka zuciyarki take? 'Yarki ce fa."

Na ce ai shi ya sa. Na nuna mata jadawalin bango, na ce dubiya daga ƙarfe biyar ne. Yabo ya ƙare daga ranar, amma kwanon dambunta bai fasa zuwa ba, kuma wannan shi ne maƙwabtaka.

Da yamma muke fita takawa. Ranar farko iyakarmu bakin ƙofa, sannan shagon mai gyaran waya, sannan mai awarar da ke kan kwana. A nan na san Hayin Banki, don wanda ke tafiya da mai sanduna ba abin da ke wuce shi. Unguwa ce da kusan kowane gida ya huda bangonsa ya fitar da shago: mai ɗinki, mai niƙa, mai sayar da ruwan leda. Kwatoci sun cika da ruwan sama, sai mun zaɓi inda sanda za ta sauka. "Sannu" kuwa mun sha ta da kowane irin harshe, har wani tsoho mai facin taya ya riƙa ajiye mana benci a rabin hanya ba tare da an roƙe shi ba. Ranar Talata na shiga kasuwar Kawo ni kaɗai neman ƙafar sa. Falken albasa ya yi kuskure a babban sharaɗinsa, amma a kan farfesu ba ni da ja. Mahaucin ya faɗi kuɗin, na tambaye shi ko da sauran san za a haɗo mini.

Ranar awo na fi ta fargaba, irin ta malamin da ɗalibansa ke zana jarrabawa. Matashiyar ta ɗora ma'auninta, 'yata ta jawo ƙafar da kanta, girar hagu ta tashi. Na san akwai saura, na ce, "Ƙara." Ta ƙara.

"Casa'in da huɗu," in ji matashiyar. "Mama, ko za ki zo mu ɗauke ki aiki?"

Na ce na yi ritaya, kuma ɗaliba ɗaya ta ishe ni. Likita ya duba ya ce babu zancen sake sa ta barci. Sujada dai ya ce da saura, sai gwiwar ta ninku sosai, watanni ne ba makonni ba, kuma sai in ba a yi wasa da motsin ba.

Na ƙara mako guda, na koya wa surukina riƙon ƙafa, da ni da shi kowa na kallon wani bangon daban. Ranar da zan taho ta rako ni bakin ƙofa da sanda ɗaya. Mai keke na jira, sai na ga ta dafa bango tana ƙoƙarin rusunawa ta yi mini sallama yadda aka koya mata a gidan Gwaggo. Abin da babba ke cewa a nan shi ne, tashi, tashi, kada ki wahalar da kanki. Ni kuwa na tsaya ina duban gwiwar, sannan na dubi fuskar.

"Bai kai na jiya ba."

Ta ƙara sauka kaɗan, tana dariya. "Allah ya kiyaye hanya, Malama. A gaida su Baba."

Komowa ba ta da labari mai yawa. An fara karyar masara a gonakin Giwa, mutanen motar kuma musun taki suke yi, ban sa baki ba. La'asar ta yi mini a Funtuwa. Maigidan ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, ya ce na rame, na ce aikin ƙarfi na yi.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zo a makare, shi ya sa ya yi nauyi. Na je da jinyar da na gada, ta kusa sandarar da ƙafar da na je ceto, kuma wadda ta san gaskiya ta yi shiru saboda ni na koya mata cewa ba a musu da ni. Ban ce kunyar da aka rene mu da ita banza ce ba. Ta riƙe gidaje da yawa, har da nawa. Amma akwai aikin da ba ya yiwuwa da kai a sunkuye, kuma ban san nawa ne irinsa suka wuce ni cikin shekara arba'in da ɗaya ba.

Yanzu kullum bayan la'asar sai ta kira ni a waya mai hoto, ta jingina wayar da kofi, ta saƙala tawul, ni kuma in sa tabarau in ƙirga daga nan. A awon da aka yi mata shekaranjiya an samu ɗari da goma. Har yanzu a kujera take salla. Na ce mata kada ta yi gaggawa, kada kuma ta yi kasala. Ƙasa na nan tana jiran goshinta, ba inda za ta.